Uwargida, Makullin Talabijin Ɗinki Yana Hannun Wa?

    

A yau ina so mu tattauna a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu ya samu wurin zama a bangon falo, wato talabijin ɗin nan na zamani mai faɗi da muke kira filasma, musamman irin wanda ake haɗawa da intanet. Yanzu da wuya ki shiga ɗakin amarya a nan Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Sandamu, ko Ɓaure, ba ki tarar da shi a kafe ba, sabo fil, wani ko ledarsa ba a ɓare ba. Ya zama ɗaya daga cikin kayan da ake ƙirgawa ranar jere. Sai dai abin da na lura shi ne, mu mata mun iya zaɓensa a kasuwa, mun iya goge masa ƙura safe da yamma, amma ranar da za a haɗa shi sai mu shige kicin, mu bar mai haɗa dish da yaran gida su ƙarasa. To a wannan ranar ce ake raba makullan gida, kuma sau da yawa uwar gidan ce kaɗai ba ta samun nata.

Talabijin na da, da na yanzu

Ki tuna yadda muka taso. Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1990 mun tarar da akwati mai ƙaton baya, da eriya a kan doguwar gora, wadda sai an tura yaro ya riƙa juya ta ana yi masa ihu daga ɗaki, "Ya yi! A'a, koma baya!" Tasha ɗaya ce ko biyu. Da yamma ake buɗewa, dare ya yi a rufe da taken ƙasa. Idan za a nuna Samanja ko Karkuzu, yaran unguwa duk suna tsakar gida ɗaya a kan tabarma, manya na zaune a gefe, abin da yaro ya gani shi babansa ya gani. Wancan talabijin da kansa yake yi wa kansa iyaka, ko da iyaye ba su ce komai ba.

Daga nan aka shiga zamanin bidiyo da kaset, sai faifan sidi, sai tauraron ɗan'adam. StarTimes ta shigo ƙasar nan a 2010, GOtv a 2011, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014. Tashoshi suka yawaita, kallo ya koma ba dare ba rana. Duk da haka akwai sauran linzami, domin kowace tasha tana da jadawalinta, tana da hukuma a kanta, kuma idan kuɗin wata ya ƙare sai a ɗan huta.

Na yanzu kuwa kwamfuta ce aka yi mata siffar talabijin. Da zarar an haɗa shi da intanet ba ya jiran wata tasha ta zaɓa masa shiri. Duk abin da wani ya ɗora daga ko'ina a duniya, mai kyau da marar kyau, yana iya bayyana a bangon falonki, kuma mafi yawansa bai bi ta hannun wata hukumar tacewa ba.

Mu Hausawa mun san amfanin zaure. Namiji baƙo ba ya faɗowa cikin gida kai tsaye, sai ya tsaya ya yi sallama, a aiko yaro ya ce, "Wai ana sallama da maigida." Addininmu ma ya koya mana neman izini kafin shiga gidan mutane, kamar yadda muke karantar da yara a Suratun Nur. To wannan akwati ƙofofi uku gare shi, kuma babu wadda ta biyo ta zaure: ƙofar dish, ƙofar intanet, da ƙofar wayar hannu. Kowacce tana da makulli. Abin da nake roƙonki shi ne ki san su, ki kuma riƙe su.

Abin da na gani a aji

Ni malamar Islamiyya ce, ina da ajin 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu bayan la'asar. A 'yan shekarun nan na ga canji a kan yaran da na san ƙwazonsu. Yarinyar da a da take kawo hadda shafi guda ba gargada, yanzu sai ta tsaya a aya ta uku tana hamma, ido ya yi ja. Amma ki taɓo mata zancen wani fim mai dogon zango, za ta zayyano miki tun daga kashi na ɗaya har inda aka kwana, da wanda ya saki wa, da wadda ta yi wa kishiyarta asiri. Ƙwaƙwalwar tana nan lafiya lau, wurin ne wani abu ya riga ya cika.

Wata rana na tambaye su, "A gidanku wa ya san lambar sirrin waifai?" Sai aji ya kaure: "Yaya ne!" "Ni ce, Malama!" "Abba da Yaya!" Da na ce, "To wace ce Ummanta ta sani?" hannuwan da suka tashi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, wata ma dariya ta yi ta ce, "Malama, ai Umma ko rimot sai ta kira ni." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Uwar da ta san adadin cokulanta, ta san inda kowane yaro yake da magariba, ita ce ke neman izinin 'yar shekara goma kafin ta canza tasha.

Saboda haka da maigidana ya sayo mana namu, ranar da mai haɗawa zai zo na ce, "Abban yara, don Allah ina so a yi aikin nan a gabana." Ya yi murmushi ya ce, "Malama, har da wannan ma za a yi darasi?" Na ce za a yi. Na sa hijabina, na ɗauko littafi da biro kamar yadda muka saba lokacin karatun NCE, na zauna a gefe, maigida yana nan, ina tambaya ina rubutawa. Cikin awa ɗaya na fahimci abin da ake ta nuna mana kamar sai injiniya. Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da ke cikin littafin nan nawa.

Ƙofa ta farko: dish da dikoda

Wayar da ta sauko daga dish ko eriya ba talabijin take shiga ba, dikoda take shiga, wato ƙaramin akwatin nan da wasu ke kira risiba. Daga dikoda kuma sai wata waya mai faffaɗan baki, wadda ake kira HDMI, ta tafi bayan talabijin. A can za ki ga ramuka biyu ko uku, an rubuta HDMI 1, HDMI 2. Ki lura da wanda aka soka, ki rubuta. Tsofaffin dikoda kuwa wayoyi uku suke amfani da su, ruwan ɗorawa da ja da fari, kowacce a ramin da ya yi kalarta.

A jikin rimot ɗin talabijin akwai maɓallin da aka rubuta "Source" ko "Input". Shi ne ke gaya wa talabijin wace ƙofa zai saurara. Mafi yawan ranakun da ake cewa "talabijin ya lalace, ba ya nuna komai," ba abin da ya same shi, yaro ne ya danna wannan maɓalli ya kai shi wani rami. Ki danna, ki koma lambar da kika rubuta, hoto zai dawo. Mata da yawa sun biya kuɗin mai gyara a kan wannan kawai.

Dikoda iri biyu ce. Akwai ta biyan kuɗin wata, irin su DStv da GOtv da StarTimes. Akwai kuma ta kyauta, wadda da zarar an saita dish shi ke nan, ita ce ke kawo tashoshin ƙasashen Larabawa da tashoshin wa'azi na Hausa. Ita ta kyautar nan ta fi buƙatar sa ido, domin idan mai haɗawa ya sa ta nemo tashoshi, ɗaruruwa take kwasowa ba zaɓe. Kada ki bari ya tafi sai kun bi su ɗaya bayan ɗaya, an goge na gogewa, an jera waɗanda kuke so a farko.

Kowace dikoda tana da lambar kulle ta iyaye mai lamba huɗu. Daga kamfani yawanci 0000 ce ko 1234, kuma ki tabbata yaranki sun san haka tun kafin ke. Ki ce a nuna miki wurin canza ta, ki karɓi rimot ki sa taki da hannunki, bayan kowa ya kau da kai. Kada ki sa shekarar haihuwar wani a gidan, ita za a fara gwadawa. Da wannan lamba ake kulle tasha, a wasu dikodojin ma har a iyakance shirye-shirye gwargwadon shekaru.

Idan damina ta yi, hadari ya haɗu, hoto ya riƙa kakkaryewa, kada a hau sama a taɓa dish. Gajimare mai nauyi ne ke tare saƙon, da ya wuce zai dawo. Abin da ya kamata a lokacin tsawa shi ne a zare wayoyi daga bango. Haka nan idan an ɗauke wuta, a kashe soket kafin a dawo da ita, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke ƙona kaya. Kuɗin sitabilaiza bai kai na sabon talabijin ba.

Ƙofa ta biyu: intanet

Da farko ki sani cewa dish daban, intanet daban. Biyan kuɗin wata na dikoda ba ya ba ki YouTube, sayen data kuma ba ya buɗe miki tashoshin dikoda. Aljihu biyu ne.

Intanet yana zuwa gida ne ta ɗayan hanyoyi uku: rauta, wato akwatin da ake sa wa layin waya a jona da wuta, ko maifai, ƙaramin nan mai batir da ke shiga jaka, ko kuma a buɗe hotsifot na wayar hannu. Duk cikinsu abin da suke yi ɗaya ne, suna watsa intanet a iska cikin gida, shi ne ake kira waifai. Kowane waifai yana da suna da lambar sirri, kuma na asali a rubuce suke a ƙasan rauta ko cikin murfin maifai.

Haɗawar ba wuya. A rimot ki danna maɓalli mai hoton ɗan gargare mai haƙora, shi ne "Settings". Ki nemi "Network". Talabijin zai jero sunayen waifai da ke kusa, har da na maƙwabta. Ki zaɓi naku, ki shigar da lambar sirri a hankali, kina bambance babban baƙi da ƙarami, domin harafi ɗaya ya kuskure ba zai karɓa ba. Shi ke nan.

Idan kin ga sunan waifai ɗinku ya fito sau biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, ga bambancin: mai 5 ya fi sauri amma ba ya nisa, mai 2.4 ya fi ratsa bango. Gidajenmu masu kaurin bango da ɗakuna a warwatse a tsakar gida, mai 2.4 ya fi yi musu, sai fa idan rauta da talabijin suna ɗaki ɗaya. Kuma a ɗora rauta a sama, a fili, kusa da taga. Kada a cusa ta cikin durowa ko bayan kwanukan jere don kada ta ɓata ado, can ƙarfinta ke mutuwa.

Babban abin shi ne a canza lambar sirrin da ta zo da ita. Wata maƙwabciyata ta shigo mini ranta a ɓace, ta ce, "Malama, ki ji wani abu. Datar wata guda Alhaji ya saya, kwana biyar ta ƙare. Yanzu ya ce ni ce nake kwana kallo, har ya yi fushi bai ci tuwona ba." Na san matar nan, da isha'i take barci. Muka duba tare, sai ga wayoyi da yawa a jone da rautarsu, alhali wayoyin gidan uku ne. Ashe ɗanta ya ba abokinsa lambar, aboki ya ba aboki, har dakalin ƙofar gidansu ya zama majalisar samari kowane dare, kowa ya duƙufa a kan waya. Da aka canza lambar majalisa ta watse, Alhaji ya ba da haƙuri. Dubi yadda abu ƙarami ya so ya taɓa zaman aure na shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lissafin data

Talabijin ba ya cin data irin cin waya. Allonsa babba ne, kuma idan an bar shi da kansa hoto mafi kyau da intanet ɗin zai iya ɗauka yake zaɓa. Kamfanin Netflix ya bayyana cewa kallon awa ɗaya da hoto na matsakaici yana cin kusan gigabait 1, da hoto mai kyau sosai har gigabait 3, da mafi ƙoli kuwa har 7. To yi lissafi da kanki. Gidan da ake kallon awa 3 kullum da hoto mai cin gigabait 3, a wata guda ya cinye 270. Idan aka rage hoton zuwa mai cin 1, sai ya dawo 90. Kuma kin san tun Janairun 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100, data ta shiga sahun shinkafa da mai a lissafin cefane.

A cikin YouTube, idan bidiyo yana tafiya, akwai wurin da aka rubuta "Quality". Ki zaɓi 480 ko 360. Wa'azi da karatu da darasin girki duk suna fita sarai a haka. Sannan ki kashe abin da ake kira "Autoplay", wanda ke sa wani bidiyo ya fara da kansa da zarar na farko ya ƙare. Shi ne ɓarawon data, shi ne kuma ɓarawon barci. Yaro ya zauna don kallon abu ɗaya, na'ura ta yi ta miƙo masa na gaba, ba ta gajiya, ba ta san an kira sallah ba.

Kulle ƙofar intanet

Lambar dikoda ba ta kulle intanet, wannan kuskure ne da iyaye da yawa ke yi. Shi talabijin yana da tasa lambar a cikin "Settings", wadda ake kulle manhajoji da ita. Ki canza ta ita ma. Ki kulle manhajar shiga shafukan intanet, ki kulle wurin sauko da sababbin manhajoji, waɗanda ba ku amfani da su kuma a cire su.

A YouTube akwai "Restricted Mode", wanda ke rage fitowar abubuwan manya. Akwai kuma sashen yara, YouTube Kids, da aka fito da shi a 2015. Ki yi amfani da su, amma kada ki miƙe ƙafa, domin kamfanin da kansa ya faɗa cewa matatar ba ta tare komai. Ni ma na lura zagi da batsa da aka yi da Hausa sun fi saurin sulalewa ta cikinta.

Kada ki yarda mai haɗawa ya shigar da asusunsa na Google don a yi sauri. Duk abin da yake kallo a wayarsa irinsa za a riƙa tallata wa 'ya'yanki a allo. Ko asusun maigida bai dace ba, domin labaran faɗace-faɗace da hotunan gawarwaki da babba zai iya jurewa ba na idon yaro ba ne. A buɗe asusu na gida daban, lambarsa tana hannunku ku biyu. Amfaninsa kuma, akwai wurin da ke nuna tarihin abin da aka kalla. Ki riƙa leƙawa, kuma ki sanar da yaran cewa kina leƙawa. Idan kika tarar an goge tarihin, wannan ma labari ne.

Wani abin da ba a cika faɗa mana ba: irin wannan talabijin yana iya tattara bayanin abin da ake kallo ya aika wa kamfani. A 2017 hukumomi a Amurka sun sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara irin wannan bayani daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. Don haka ranar kunnawar farko, idan ya jero tambayoyi yana neman amincewa, kada a yi ta danna "na yarda" a jere. A karanta, abin da ba dole ba a ƙi. Wani rimot ɗin ma yana da makirufo, yaron da bai iya rubutu ba zai iya danna shi ya faɗi abin da yake so a nemo masa.

Ƙofa ta uku: wayar hannu

Duk wayar da ke kan waifai ɗaya da talabijin tana iya tura abin da ke cikinta zuwa babban allo. Yana da daɗi idan za a nuna wa Hajiya hotunan bikin jikarta ba sai ta matse ido ba. Amma ta nan ne kuma baƙo, ko ƙanen miji, ko abokin ɗanki zai iya tsallake duk makullan da kika sa. Yawancin talabijin suna da zaɓin su nemi izini kafin sabuwar waya ta haɗu da su, ki sa a kunna shi. Haka ramin filas da ke gefe: abin da aka turo daga shagon masu tura fina-finai, ki fara gani kafin yara su gani.

Makulli ba ya maye gurbin uwa

'Yar'uwa, duk wannan rigakafi ne, tarbiyya kuwa sai da ke. Ga abin da muka tsayar a gidanmu, ki ɗauki wanda ya dace da naki. Talabijin a falo yake, ba ya shiga ɗakin kwanan yara. Ba a kunna shi daga kiran magariba har a idar da isha'i a yi tilawa. Ba a cin abinci a gabansa. Ƙarfe tara da rabi nake zare rauta, in shiga da ita ɗakina. Ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya akan ƙara musu lokaci, kuma nakan zauna mu kalla tare, ina tambaya, "Abin da wannan ta yi wa mahaifiyarta daidai ne?" A nan nake jin abin da ke cikin kansu.

Game da ƙanana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Na san jarabar, kina aiki yaro yana kuka, ki kunna masa katun ya yi shiru. Amma yaro a bakin mutane yake koyon magana, goyo da tatsuniya da wasan ƙasa ba su da madadi.

Wannan tsari ba ya tafiya sai da maigida. Ki zaɓi lokacin da ya huta ya ci ya ƙoshi, ki fara da lissafin data, domin maza suna saurin jin maganar aljihu, sannan ki gangaro kan yara. Idan ke kin hana shi kuma ya dawo ya miƙa musu rimot, an yi ba a yi ba. Idan gidan haɗaka ne ko kina da abokiyar zama, ku haɗa baki, don kada yaron da aka hana a wannan ɗaki ya zarce wancan. Mu kanmu kuma mu duba. Uwar da ta bar tuwo ya kama saboda kada kashi na 40 ya wuce ta, da wane baki za ta ce a tashi a yi hadda?

Alherinsa

Kada ki ɗauka ina cewa a jefar da shi. Zamani riga ne, kuma akwatin nan yana da alheri mai yawa ga wadda ta riƙe linzaminsa. Surukata da ƙafa ta hana ta fita, tana zaune a ɗaki take kallon ɗawafi kai tsaye daga Makka, tana bin tarawihi da kunne tana hawaye. Da azumi tafsirin malamai daga Kano da Kaduna da Bauchi yana iske mu har gida, wanda ya wuce ki kuma ki nemo shi bayan kin gama aikin buɗa-baki. Yara suna gyara tajwidi da sauraren manyan makaranta, 'yan sakandare suna samun darasin lissafi, mata suna koyon ɗinki da girke-girken sayarwa. A ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a nan Daura, gari ya cika ya batse, mu mata daga ɗakunanmu muka ga komai, 'yan'uwanmu da ke aure a Legas da Damagaram suna kallo tare da mu a lokaci guda. Haka hawan Sallah da na Gani, wadda ba ta samu zuwa ƙofar fada ba za ta gani. Wuƙa ce, tana yanka albasa tana yanka yatsa.

Saboda haka ga aikin gida, tunda malama ba ta sallamar aji ba ta ba da shi ba. A cikin makon nan ki samu littafi, ki sa maigida ko babban ɗanki ya zauna da ke, ki rubuta abu huɗu: ramin da dikoda take, lambar kulle dikoda, lambar kulle talabijin, da lambar sirrin waifai. Ukun ƙarshe ki canza su da hannunki, ki adana littafin inda kike adana sarƙarki. Idan yaro ya yi miki dariya ya ce, "Umma, ba za ki gane ba," ki ce masa wadda ta koya masa riƙe cokali ba za ta kasa riƙe rimot ba. Kada kunya ta hana ki, 'ya'yan nan amana ce da za a tambaye mu a kanta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya tsare mana idanunmu da na 'ya'yanmu, Ya sa abin da muka shigo da shi gida da kuɗinmu ya zame mana alheri duniya da lahira.